Tambaya da Amsa: Yaushe Ake Cewa Bakteriya Sabuwa Ce?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Gombe, ina karatun ƙananan halittu. Na ji ana gano sababbin bakteriya a turɓayar Antatika. Yaya ake gane sabuwa ce, alhali a madubin gwaji kusan duk kamarsu ɗaya? Mu nan za mu iya wannan aikin?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Nisan wurin da aka ɗebo ta ba hujja ba ne, sai an kwatanta.

Ana zuba giram 1 na turɓayar a mililita 9 na ruwan gishiri mai kashi 0.85 cikin 100, a yi ta tsarma shi ninki goma-goma, sannan a shafa a farantin gwaji mai ɗauke da abincin bakteriya. Nan ake yawan tuntuɓe. Halittar da ta saba da yunwa ba ta son abinci mai maiƙo, don haka ake sa abincin bakteriya da ake kira R2A, mai ƙarancin gina jiki. Kuma digiri 37 da kuka saba da shi a gwajin asibiti ajalinta ne. Mai son sanyi ta ainihi ta fi yaɗo a digiri 15 ko ƙasa, ba ta jure abin da ya haura 20. A ajiye farantin tsakanin digiri 4 da 15, a yi haƙuri, don wata sai ta yi makonni kafin ta nuna kai. An samu wata a tsibirin Ellesmere na Kanada, Planococcus halocryophilus, da ke hayayyafa har a digiri 15 ƙasa da sifili.

Idan ta tsiro, a yi ta ware ta a sabon faranti har ta zama tilo. In wata ta raɓu da ita, duk sakamakon gaba shirme ne. A adana wani kaso a giliserol, ruwan da ke kare ta daga lahanin ƙanƙara, a digiri 80 ƙasa da sifili.

Sai karanta ƙwayar gadonta ta 16S rRNA, mai harufa kusan 1,500. Idan kamanninta da 'yar uwarta mafi kusa bai kai kashi 98.7 ba, akwai alamar sabuwa ce. Alama ce kawai fa. Tabbaci sai an kwatanta dukkan ƙwayoyin gadon: ma'aunan kamanni biyu ne, ANI ya zama ƙasa da kashi 95 zuwa 96, dDDH ƙasa da kashi 70. A haɗa da rinin Gram, wanda ke raba bakteriya gida biyu, yawan gishirin da take jurewa da irin kitsen jikinta.

Suna kuwa na Latin ne, kuma ba ya tabbata sai an ajiye ta da rai a ma'ajiyoyi biyu na ƙasashe daban-daban, kamar DSMZ a Jamus da JCM a Japan, sannan ya fito a IJSEM, mujallar da ke tabbatar da sunayen bakteriya.

Turɓayar Dadin Kowa ma matakan ke nan, zafin ajiya kawai za ki canza. Amma ta Antatika, in aka ɗauke wuta kwana guda a watan Afrilu, firji ya huce, aikin makonni ya bi ruwa. Ki fara tabbatar da sola ko janareto kafin ki nemi samfur.