Tambayi Kawu: A sha wuya a kama kifi, sannan a sake shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu. Ni ɗanka ne daga Karantina nan Jidda, ina shugul a jirgin ruwan wani Balarabe a Abhur, ni ke wanki da haɗa ƙugiyoyi. To maigidan ya ce bana da ni zai je Hawai, tsibiran nan na Amurka, kamun kifin nan marlin, har an fara maganar biza. Ya nuna min bidiyo a waya, wallahi Kawu sun fi awa biyu suna fama da kifi ɗaya mai girman saniya, da ya iso gefen jirgi sai suka cire ƙugiya suka sake shi suna tafi! Wannan ba almubazzaranci ba ne da wasa da halittar Allah? Na biyu kuma an ce mutanen can ba sa son baƙi, ni kuma ga ni baƙo ga ni baƙi. Me ka gani? Sani, Jidda.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana Sani, Allah ya sa a samu bizar. Na yi dariya da na karanta wasiƙarka, don na san idon da ya saba da kasuwar kifi ta Bangala da asuba, inda ake ciniki a kan najil da hamur har jijiyar wuya ta tashi, ba zai ga an mayar da naman wata guda cikin teku ya yi shiru ba.

Inda maigidanka zai kai ka kusan na tabbata Kona ne, a babban tsibirin, nan ne matattarar masu wannan harka. Duwatsun Mauna Loa da Hualalai sun tare iska saboda haka ruwan a kwance yake, kuma 'yan kilomitoci kaɗan daga gaɓa zurfi ya wuce mita dubu, yani ba sai an yi tafiyar yini ba kafin a tarar da manyan. A 1959 suka fara gasar kamun irin kifayen nan masu dogon baki a garin. A 1982 wani mai suna Jay de Beaubien ya kama mai kilo 624 a ruwan Kona, a 1970 kuma jirgin Kyaftin Cornelius Choy ya fito da mai kusan kilo 820 a gefen tsibirin Oahu, amma ba a sa shi a littafin bajinta ba don mutum fiye da ɗaya ne suka riƙe sandar. Ka kwatanta da giwan ruwan Argungu da ake ba mutum mota a kansa, ka ga ashe jariri ne.

To ga abin da bidiyon bai gaya maka ba: duk ƙaton marlin da ka gani mace ce. Namijin da wuya ya wuce kilo 150. Ita ce mai zuba ƙwai miliyoyi, in ka kashe ta ka kashe na baɗi da na baɗin baɗaɗa, ga shi naman tsohuwar ma ya tara sinadarin makuri mai guba da likitoci ke hana masu ciki da yara ci. Kuma mu ma ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu, Matan Fada a Argungu rufe shi ake yi, ba mai jefa koma sai Sarkin Ruwa ya ba da izini, ba don an ƙoshi da kifi ba sai don a samu na gobe.

Amma fa ba kowane saki ne saki ba. Na taɓa fita Abhur da wasu samari, suka ciro ƙaramin hamur daga ƙasa sosai, idanunsa sun firfito ciki ya kumbura kamar balan-balan, ɗayansu ya jefa shi ruwa wai ya yi sadaka, muna kallo yana yawo a sama ya kasa nutsewa har tsuntsu ya zo ya fara da idon. Shi marlin a saman ruwa yake farauta, bai cika samun wannan matsalar ba, tasa matsalar gajiya ce. Shi ya sa in an jawo shi yaron jirgi yake sa safar hannu ya riƙe dogon bakin nan (kaushi gare shi kamar magagari, kada ka kuskura ka kama da hannu haka), a soka masa 'yar alama mai lamba a doro, direba ya riƙa tafiya a hankali ruwa na ratsa masa baki, sai an ga launin shuɗin ya dawo ya fara kaɗa wutsiya sannan a sake. Wanda ya haɗiye ƙugiya jini na zuba, ko igiya ta naɗe masa wutsiya aka jawo shi ta baya har ya mutu, wannan jefar da shi shi ne almubazzarancin da kake faɗa, a ɗauko shi a ci.

Ta fuskar addini ni ba malami ba ne, amma abin da muka karanta a zaure shi ne farautar teku halal ce, aya ta 96 a Ma'ida ta faɗa, sannan malamanmu na Malikiyya sun karhanta farautar da ba komai cikinta sai nishaɗi. Ni dai a raina, awa biyu ana wahalar da dabba don hoto bai kwanta min ba, gara a yi amfani da igiya mai ƙarfi a gama da wuri. Kai kuma aiki ya kai ka. Ka samu limaminku ka yi masa bayani dalla-dalla yadda ka yi min.

Sai tambayarka ta biyu, wadda ita ta fi. Mutanen Hawai suna da masarautarsu, a 1893 wasu attajirai Turawa da goyon bayan sojan ruwan Amurka suka tumɓuke Sarauniya Liliuokalani, a 1896 aka mayar da Turanci harshen makaranta har nasu ya kusa mutuwa, a 1898 Amurka ta haɗiye ƙasar. Sai a 1993 gwamnatin Amurka ta nemi afuwa a rubuce, amma ƙasa ba ta dawo ba. Yau gidaje sun yi tsadar da ƙidayar 2020 ta nuna 'yan asalin da ke zaune a sauran jihohin Amurka sun fi waɗanda suka rage a gida yawa. Ka ga kai a nan ana ce maka takari a ƙasar da aka haife ka, su kuma a ƙasar kakanninsu suka wayi gari suna ɗaukar wa baƙo jaka a otal. Ciwon ba iri ɗaya ba ne amma za ka gane shi da ka gani.

Kalmar da za ka ji ita ce hawle, asalinta baƙo, yanzu galibi Bature ake nufi, kuma kamar takarin ce, wani ya faɗa ku yi dariya wani ya faɗa ka ji kamar mari. Ba zan ce maka babu masu wariya ba, ko'ina akwai. Amma abin da ya fi ƙona musu rai shi ne baƙon da ya sauka jiya yau yana koya musu yadda za su yi da ruwansu. Nan maganar kifin ta dawo: su marlin abinci ne, a'u suke ce masa, suna ƙyafe shi suna cinsa ɗanye da gishiri, har dokar Amurka ta 2012 da ta hana sayar da shi ta ware Hawai. In ka ga mutumin gari ya rataye nasa a tashar jiragen ruwa ta Honokohau da ke Kona kada ka bari maigidanka ya fara wa'azin saki, ja shi gefe.

Sauran kuwa tarbiyyar gida ce. Takalmi a bakin ƙofa suke cirewa, babba anti ne ko ankul ko ba ku haɗa komai ba, in ka ga an rubuta kapu a wuri to an hana shiga, kada ka tsallaka don hoto. Kada ka tambayi masunci ina za shi, sun ce kifi na ji, cewa suke za su holoholo, wato yawo. Ka kula da abinci don alade ya yi yawa a girkinsu, tambaya kafin ka kai baki.

Tun kafin jirgi ya tashi maigida ya tambayi kyaftin wa ke da kifin in an kama, don a al'adar can yawanci na jirgi ne ba na wanda ya biya haya ba, an sha yin rigima a kan haka. Kuma don Allah kada ka sa ayaba a jakarka, camfi suke da ita sosai, za su iya jefa maka ita teku kana kallo.