Amsa kan zuwa madatsar ruwan Ikere

Malam, ka tambaya ko madatsar ruwan Ikere, wadda ke kan kogin Ogun kusa da garin Iseyin a jihar Oyo, za ta dace da farautar fakara da kamun kifi da ƙugiya mai gashin tsuntsu da ake yi wa siffar ƙwaro. Shawarata ita ce ka taso daga Legas ka kwana biyu a can ba tare da bindiga ba, domin wurin yana maƙwabtaka da gandun dajin ƙasa na Old Oyo, inda doka ta haramta farauta, kuma masuntan yankin za su nuna maka iyakarsa. Da asuba ka saurari kukan fakara a bakin gonaki, ka duba sawunta a turɓaya. Karfasa takan taso ta cafke ƙwaro a saman ruwa, amma tarwaɗa tana can ƙasa, sai da tsutsa.