Tambayi Likita: Tramol, wiwi da ciwon ƙwaƙwalwa, wanne za a fara yi wa magani?

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Saƙonnin wannan satin kusan duk kan shaye-shaye suka faɗo, sai na haɗa su wuri guda. Sunaye na cire su kamar kullum.

Tambaya: Likita ina kwana. Wai gaskiya ne madara ko nono na wanke ƙwaya daga jini? Daga wani ɗan kabu-kabu a Tawa.

Amsa: Ba gaskiya ba ne ƙanena. Hanta da ƙoda ke wannan aikin. Ka sha nononka don daɗi kawai. Amma wanda ya sha ƙwaya ya sheme kada a ɗura masa komai a baki, shaƙe shi za ku yi, a kwantar da shi bisa gefe a ɗauke shi sai asibiti.

Tambaya: Likita don Allah ka taimake ni, ɗiyata ce ke rubuta min. Ɗana shekarunshi 24, ya tafi Jado wurin zinariya ya dawo da shan tramol da wiwi. Yanzu ba ya barci, shi kaɗai yana ta magana, ya ce ana bin shi za a kashe shi, abincina ma ba ya ci wai an sa mishi magani ciki. Babanshi ya kai shi wurin wani malami a ƙauye, an sa mishi mari a ƙafa ana mishi turare da bulala wata biyu ke nan. Mutane sun ce kada mu kai shi asibiti sai ya bar ƙwaya tukuna, wai likita ba ya duba ɗan ƙwaya. Mi zan yi? Daga wata uwa, yankin Illela.

Amsa: Inna sannu, Allah ya ba shi lafiya. Kafin komai, ku je ku ɗauko yaron nan, gobe in Allah ya kai mu in yau ba ta yiwuwa, kada ku jira wata na uku. In Baba ya ƙi ki nemi wanda yake jin kunyarsa, wansa ko limamin unguwa, a karanta masa wannan amsar.

Maganar cewa sai ya bar ƙwaya sannan likita zai duba shi, wallahi ban san wanda ya ƙirƙiro ta ba amma ta kashe mana yara. Ɗanki ciwo biyu gare shi a lokaci guda. Akwai kamun ƙwaya, jikinsa ya saba da tramol har in bai sha ba sai ciwon gaɓoɓi da zufa da zawo da fargaba su taso masa. Akwai kuma ruɗewar ƙwaƙwalwa, ita ce ke sa shi jin muryoyi da zargin an sa masa guba. Kowanne na ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi: tsoro ya hana shi barci, ya sha don ya samu sauƙi, shan ya ƙara masa tsoron. Guga ce mai huda biyu Inna, in kika toshe ɗaya kika bar ɗaya ruwa ba ya isowa bakin rijiya. Shi ya sa ake yi masu magani tare, wuri ɗaya, rana ɗaya ake farawa.

Za ki ce to wanne ya fara? Sau da yawa ranar farko mu kanmu ba za mu iya rabewa ba, kuma ba ya hana mu fara aiki. Wani wiwin ce ta jawo, wani bincike da aka buga a 2019 wanda aka yi a biranen Turai da Barazil ya nuna masu shanta kullum sun fi waɗanda ba su taɓa sha ba haɗarin irin wannan ruɗewar kusan sau 3. Wani kuma ciwon ne ya riga zuwa, don dama shekarun ɗanki su ne shekarun da ya fi bayyana, sai yaro ya kama shaye-shaye yana neman abin da zai kwantar masa da kai. Wani abin da ya gani can ne, ramin da ya rufta da abokinsa ko ƴan bindiga a hanya, ya dawo bai faɗa wa kowa ba. Tun da zinariyar Jado ta ɓullo a 2014 samarin Adar nawa suka tafi, kuma kowa ya san da mi ake haƙa rami dare da rana. Lokaci ke rarrabewa. In ƙwaya ce kaɗai, galibi cikin wata guda da dainawa kai na washewa, in ya wuce haka muryoyin na nan to sai mu san maganin zai ɗauki dogon lokaci.

Shi tramol magani ne na gaske na ciwo, a asibiti ƙwayar miligiram 50 muka saba ba da wa kuma babban mutum ba ya wuce 400 a yini. Wanda ake sayarwa a tasha da bakin kasuwa akwai mai 225 akwai mai 250, guda biyu kawai an riga an tsallake iyaka, ga yara na watsa huɗu biyar cikin shayi a fada. Shi ya sa kuke ganin suna faɗuwa kamar masu farfaɗiya a ce iska ce. Ki bincika min ko akwai mai kai masa a ɓoye can inda yake, don ana yi.

Batun mari da bulala kuwa raina na ɓaci duk lokacin da na ji shi. Mutumin da ke cewa ana bin shi za a kashe shi, kun ɗaure shi kuna duka, ai kun tabbatar masa da abin da yake tsoro, gobe ko ruwa kika miƙa masa ba zai karɓa ba. Mukan ga ƙafar da mari ya ci, gyambo zagaye da idon sawu yana ruwa, ƙuda na bi, ƙafar ta kumbura har gwiwa, yaro ya rame haƙarƙari a waje. Hayaƙin turaren da ake rufe su da shi cikin bargo kuma huhu yake ci. A 2020 ƙungiyar Human Rights Watch ta ce ta samu shaidar ana ɗaure masu ciwon ƙwaƙwalwa a ƙasashe 60, ba mu kaɗai ba ne, amma yawan masu yi bai mai da shi magani ba. Ni ban hana addu'a ba, ni ma ina yi. A yi masa ruƙiyya, a tofa masa, malam ya zo har gadon asibiti ba mai korarsa. Sarƙar da bulalar da yunwar ne ban yarda da su ba.

Ku kai shi babban asibitin jiha nan Tawa, in ya yi maku nisa ku fara da CSI ɗinku, wato ƙaramin asibitin yankinku, majo mai kula da wurin ya rubuta maku takarda. In abin ya fi ƙarfin nan za a tura ku Yamai, sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa na babban asibitin ƙasa wanda kowa ya sani da Pavillon E. Na san sunan kaɗai na ba mutane tsoro, asibiti ne kamar kowane. Za a duba raunukansa, a ba shi maganin da ke kwantar da muryoyin, irin su haloperidol, barci kan daidaita cikin ƴan kwanaki, zargin kuma yana ɗaukar makonni. Ku faɗi gaskiyar duk abin da yake sha da yawansa, likita ba jandarma ba ne. In ya dawo gida mutum ɗaya ya riƙe maganin yana ba shi da hannunsa, kada ku yi gardama da shi kan muryoyin, kada kuma ku daina magani don ya samu sauƙi sai likita ya ce. Wuƙa, igiya, piya-piya, duk a kawar. In ya yi maganar kashe kansa, ko ya faɗi yana jijjiga, ko numfashinsa ya yi ƙasa kin kasa tada shi, ko tsakar dare ne ku nufi asibiti.

Tambaya: Likita tun da na haihu wata 5 ba ni jin daɗin komai, kuka kawai. Wata maƙwabciya ta nuna min diazepam wurin masu tallar magani, yanzu in ban sha ba ba ni runtsawa. Mijina bai sani ba. In daina? Daga Yamai.

Amsa: Ƴar'uwa kada ki daina dare ɗaya. Diazepam in jiki ya saba aka yanke shi kwatsam yana iya kawo jijjiga, a hankali ake rage shi bisa tsarin likita cikin makonni. Abin da kika kwatanta ya yi kama da ciwon damuwa na bayan haihuwa, yana samun mata da yawa, ba rashin godiyar Allah ba ne kuma yana da magani, diazepam ɗin rufe shi kawai yake yi. Ga shi yana bi ta nono, jariri ya yi ta barci ya kasa tsotso. Ki je inda kike kai yaro awo cikin satin nan ki faɗa wa ungozoma yadda kika faɗa min, ki tafi da kwalin maganin. In tunanin cutar da kanki ko jaririn na zo maki kada ki jira satin, yau ki je, ki kuma faɗa wa wani a gida. Maganin da ya wuni bisa kai cikin ranar Yamai kuwa, Allah kaɗai ya san mi ya rage cikinsa.

Tambaya: An rubuta min fluoxetine, abokaina sun ce ai ƙwaya aka canza min da ƙwaya.

Amsa: Fluoxetine maganin ciwon damuwa ne, ba ya sa maye kuma ba ya sa ƙishirwar ƙari. Yana ɗaukar sati 2 zuwa 4 kafin ka fara jin bambanci, ka yi haƙuri. Abu ɗaya: kada ka haɗa shi da tramol, haɗin na iya kawo jijjiga da zazzaɓi da ruɗewa. In har yanzu kana sha koma ka faɗa wa wanda ya rubuta maka.

Tambaya: Doktoro na yi wata 4 ban sha ƙwaya ba sai ran suna na koma. Ina jin ni ba mai shiryuwa ba ne. Ɗalibi daga Ƙonni.

Amsa: Ɗana wata 4 ba wasa ba ne, kuma komawa abu ne da muke gani kullum cikin wannan ciwon. Ka koma wurin likitanka satin nan kada kunya ta hana ka. Ka lura, jikinka ya manta da yawan da ka saba sha, in ka watsa adadin nan na da zai iya tsayar maka da numfashi. Ka zauna ka tuna mi ya faru kafin ranar sunan, rashin barci ne, faɗa ne a gida, ko tsohuwar fadarka ka koma, ka kai wa likita wannan. Kalmar nan da ka yi ta "ba mai shiryuwa ba" ma ina so a duba ko akwai damuwa a ƙarƙashi.

Tambaya: Wani mai magani ya ce in ba shi jikka 50 zai ba ƙanena jiƙo ya amayar da ƙwayar duka cikin kwana 3.

Amsa: Haba malam! Abin a ƙwaƙwalwa yake, ba a tumbi ba. Amai na kwana 3 ruwan jikinsa kawai zai ƙarar ya taɓa masa ƙoda. Ka riƙe jikka 50 ɗinka ka yi kuɗin mota da na ordonansi, ka kawo shi a duba shi, in ya ƙi zuwa kai ka fara zuwa a faɗa maka yadda za ka lallaɓo shi.