Kada ka ci bashi don ɗaukar hoton ƙwaro

Wani mai shagon hoto a Daura ya aiko da wannan: "Sana'ata hoton biki da na fasfo. Yanzu sha'awar ɗaukar ƙwari kusa-kusa ta kama ni, irin wanda har idon fara ke fitowa sarai. Ina so in ci bashi in sayi gilashin makro, wato gilashin kyamara na ɗaukar ƙananan abubuwa kusa-kusa, da filasha. Akwai kuɗi a harkar kuwa? Kuma me ya sa bayan hotunana ke fita baƙi ƙirin?"

Ɗan'uwa, akwai kuɗi, amma ɗigo yake yi, shi kuwa bashi wata-wata yake ƙwanƙwasa ƙofa. Bar bikin ya ci gaba da ciyar da gida, wannan ka raine shi a gefe.

Fara da tambayar wa zai saya. Shafukan sayar da hotuna a intanet irin Shutterstock da Adobe Stock suna biya da dala, sai dai a Shutterstock hoto ɗaya kan iya kawo maka senti 10 kacal a duk lokacin da aka saye shi, ga dubban hotunan malam-buɗe-littafi jibge can. Kasuwarka tana kusa da kai. Tun 2016 tsutsar nan mai cin masara ta shigo Najeriya, a shekarar ce kuma tsutsar tumatir da ake kira Tuta absoluta ta yi wa tumatirin Arewa kaca-kaca. Masu sayar da maganin feshi, da malaman gona na KTARDA, hukumar bunƙasa noma ta jihar Katsina, da ɗaliban aikin gona na jami'ar Dutsin-Ma, duk suna bukatar hoton da manomi zai kalla ya ce wannan ce ke gonata. Zagaya shagunan maganin gona da hotuna goma a wayarka kafin ka kashe ko sisi.

Kayan aiki kuwa, gilashin makro na milimita 90 zuwa 105 yana da kyau, amma ba yanzu ba. Akwai zobban da ake sawa tsakanin kyamara da gilashi, ko ƙaramin gilashin Raynox DCR-250 da ake maƙalawa a gaban wanda kake da shi. Kuɗinsu bai kama ƙafar na makro ba. Filashar bikinka ta isa, muddin ka tare gabanta da farar takarda ko farar roba mai faɗi. In ba haka ba, jikin ƙwaro mai sheƙi zai yi ta ƙyalli, kamanninsa su ɓace. Sa buɗewar gilashin kyamara a f/11, gudun ɗauka 1/200 na daƙiƙa, ISO (ƙarfin jin haske na kyamara) 200, ka gyara daga nan.

Baƙin bayan nan dalilinsa ɗaya ne: hasken filasha ya sauka a kan ƙwaron, ya ƙare kafin ya kai abin da ke nesa. Riƙe ganyen masara ko kwali mai launin ƙasa kamar taƙi ɗaya a bayansa, ko ka ɗaga ISO hasken gari ya shigo. Ka fita da sassafe a damina, lokacin sanyin raɓa bai saki ƙwarin ba, ba su da kuzarin tashi.

Wajen gyara ne nake ganin masu hoton biki suna ɓata ciniki. Hannunku ya saba da goge fuskar amarya da ƙara launi. A nan launin shi ne hajar. Tsutsar masara ana gane ta da wata alama a ka da ɗigo huɗu kusa da wutsiya. Ka goge su, ka sayar wa malamin gona abin da ba shi da amfani. A manhajar gyaran hoto irin Lightroom ko Snapseed, daidaita haske, cire ƙurar gilashi, rage ƙyalli kaɗan, shi ke nan.

In an zo ciniki, kada ka sayar da hoton ɗungurungum. Kai da mai saye ku rubuta cewa izinin bugawa ka bayar, na fosta ɗaya ko na shekara guda, asalin kuma yana hannunka, don gobe wani dila zai iya biyanka a kan hoton nan dai. Ribar da ta taru daga nan ce za ta sayi gilashin makro.