Maƙwabcin da ya kawo miki yaro gida

Assalamu alaikum, 'yata. Na ga saƙonki. Kin ce maƙwabcinku ya tarar da maigidan nawa, wato ɗanki, a majalisar samarin bakin layi bayan sallar isha'i, ya kamo hannunsa har ƙofar gida yana yi masa faɗa, ranki kuma ya ɓaci. Kina tambaya ko al'ada ta ba mutum damar tsawata wa ɗan da ba shi ya haifa ba.

Ta ba shi. Da muna yara a unguwar Gangare a nan Jos, ɗa na kowa ne. Dattijon unguwa ya gan ka inda bai kamata ba sai ya zane ka, in ka kai ƙara gida a ƙara maka. Uwa ko sunan ɗanta na fari ba ta faɗi saboda kunya, balle ta shigar masa faɗa, sau da yawa ma goggo ko kaka ke riƙonsa. Amma abin yana da ƙa'ida. Mai tsawatarwar sananne ne, ya san uban yaro, kuma abin da ya yi wa naki shi zai yi wa nasa. Ji wa yaro rauni ko zagin iyayensa ba sa ciki. Ke da kanki kin ce mutumin nan bai ɗaga masa hannu ba.

Ku kun tashi ne bayan abin ya yi rauni. Rikicin 2001, da na 2008 da 2010, sun tayar da mutane daga unguwanninsu, aka cunkusu a Unguwar Rogo da Rikkos, sai ka shekara ba ka san mai bangon gidanka ba. Kasuwar Terminus ta ƙone a 2002, yara da yawa masu bin iyayensu shago suka koma zaman kashe wando. A irin wannan zaman 'yan dabar Sara-Suka ke samun yara, kuma ba da wuƙa ake farawa ba. Da aike ake farawa: sayo mini taba, riƙe mini wannan ledar. Daga nan sai a ɗanɗana masa tiramadol, ko kodin a cikin lemo. An hana maganin tari mai kodin tun 2018, amma ki tambayi duk uwar da ta tsinci kwalba a bayan katifa.

Majalisar bakin layi ma da sauƙi, tunda maƙwabci yana ganin ta. Wadda ke hana ni barci ita ce ta cikin waya, da cacar ƙwallo da abubuwan da ake yaɗawa a TikTok, yaro yana kwance kusa da ke amma ba ki san da wa yake hira ba. Wannan babu dattijon da zai gane miki. Wayar ta riƙa kwana a ɗakinki.

Kada yaron ya ga fushinki a kan mutumin nan, don in ya gani, gobe babu mai iya ce masa uffan. Ki roƙi mijinki ya tafi da shi su yi godiya. Sannan a nema masa wurin koyon sana'a bayan Islamiyya, ko wajen kafintocin kasuwar Katako ne. Ki turo mini shi ranar Asabar ya wuni nan, zan dama masa fura mu yi magana.

Goggonki.