Ɗana Yana Goyon Bayan Rage Shekarun Shan Giya a Amurka, Akwai Gaskiya a Maganarsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekararmu 12 a Amurka. Ɗana mai shekara 19 ya shiga jami'a bara, da ya zo hutu sai na ji yana cewa dokar hana sayar da giya ga wanda bai kai shekara 21 ba zalunci ce. Wai wanda ya isa shiga soja ya isa zaɓa wa kansa, kuma wai yaran Turai da ke fara sha a gaban iyayensu ba sa zama mashaya. Ya rantse mini ba ya sha, amma hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya shirya mana su. Hukuncin giya a addini kin san shi, shi ma ya sani, don haka zan tsaya a fannina na lafiya.

Hujjar soja ta girmi ɗanki nesa ba kusa ba. Da ita aka yi amfani lokacin yaƙin Biyetnam, har aka mai da shekarun jefa ƙuri'a 18 a 1971, jihohi 29 kuma suka rage shekarun sayen giya. Haɗarin mota da ke cin rayukan matasa ya ƙaru, iyaye mata suka tashi tsaye, musamman ƙungiyar MADD ta iyaye mata masu yaƙi da tuƙi cikin maye, wadda Candy Lightner ta kafa a 1980 bayan wani direba da ya bugu ya kashe 'yarta mai shekara 13. A 1984 Shugaba Reagan ya sa hannu a dokar da ta ce duk jihar da ta ƙi shekara 21 za a zaftare mata kashi 10 cikin 100 na kuɗin manyan hanyoyi, kuma zuwa 1988 duk jihohin sun bi. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasar ta ƙiyasta cewa irin waɗannan dokoki sun ceci rayuka fiye da 30,000 tsakanin 1975 da 2017. A 2008 shugabannin jami'o'i sama da 100 sun nemi a sake muhawarar, suna cewa dokar tana tura ɗalibai su sha a ɓoye kuma su sha da yawa. Wannan damuwa tana da tushe. Sai dai ƙasar Niyuzilan ta gwada, ta sauko daga 20 zuwa 18 a 1999, kuma raunukan haɗarin mota masu nasaba da maye sun ƙaru a tsakanin matasa, har da waɗanda ba su kai 18 ɗin ba, domin yayyensu ne ke sayo musu.

Maganarsa ta biyu ce ta fi tayar mini da hankali, domin kusan kullum sai na ji ta a ofishina, kuma daga bakin iyaye masu ilimi. An mai da ita kamar gaskiyar da ba a musu, alhali ba ta da madogara. Binciken da ake yi a makarantun Turai ya daɗe yana nuna cewa 'yan shekara 15 da 16 a ƙasashe da dama, musamman Denmak, sun fi takwarorinsu na Amurka yin maye. A Ostareliya an bi sawun yara kusan 1,900 tsawon shekara shida, aka wallafa sakamakon a 2018: waɗanda iyayensu ke ba su giya a gida ba su sami wata kariya ba, sun ma fi yawan neman ta a waje daga baya. Wanda ya fara sha kafin shekara 15 ya fi wanda ya jira ya haura 20 haɗarin kamuwa da jarabar giya kusan ninki huɗu. Dalilin yana cikin ƙwaƙwalwa, domin sashen gaba da ke taka wa mutum birki ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, alhali sashen da ke neman daɗi ya riga ya farka tun balaga.

Na taɓa zama da wani uba a bakin gadon ɗansa mai shekara 20, an saka wa yaron bututun numfashi, rigarsa duk amai. Uban yana ta maimaita cewa shi da kansa ya riƙa zuba masa rabin kofin giya a teburin abinci tun yana 14, don kada ta ba shi sha'awa idan ya girma. Ina jin takaicin masu yaɗa wannan shawara a Facebook da TikTok da sunan tarbiyyar zamani, waɗanda ko sau ɗaya ba su taɓa kwana a sashen ba da agajin gaggawa ba.

Game da ɗanki, Hajiya, yin muhawara ba shaida ba ce cewa yana sha, kuma idan kika rufe shi da faɗa zai daina kawo miki abin da ke ransa. Ki zaunar da shi, ki tambaye shi abin da yake gani a ɗakin kwanan ɗalibai. Ki kuma koya masa wannan ko da bai taɓa kurɓa ba: idan abokinsa ya bugu har ba a iya tayar da shi, ko numfashinsa ya ragu, kada a bar shi wai ya yi barci giyar ta sake shi, domin wadda ke cikinsa tana ci gaba da shiga jini. Shan kofi da wankan ruwan sanyi ba sa fitar da ita. Ya kwantar da shi a kan gefensa don kada amai ya shaƙe shi, ya kira lambar agajin gaggawa ta 911, ya zauna da shi har motar asibiti ta iso.