Hukuncin dasa na'ura a ƙwaƙwalwa don maganin murɗewar wuya da fuska

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifina yana fama da ciwon distoniya. Wuyansa na karkacewa gefe guda, idanunsa na runtsewa da kansu, muƙamuƙinsa na ɗaurewa har cin abinci na gagararsa. Allurar Botox mai sassauta tsoka da ake masa duk wata uku ta daina tasiri, sai likitoci suka ba da shawarar a dasa masa wayoyi a ƙwaƙwalwa. 'Yan'uwansa sun ce canza halittar Allah ne. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba mahaifinki lafiya, Ya saka miki da alheri kan ɗawainiyarsa.

Ba a yanke hukunci kan abu sai an san siffarsa. A wannan aiki likita kan huda ƙoƙon kai, ya zura siraran wayoyi zuwa can ciki, inda ake daidaita motsin jiki, ya haɗa su ta ƙarƙashin fata da batirin da ake binnewa a saman ƙirji. Lantarki kaɗan ke fita, yana kwantar da saƙonnin da ke sa tsoka ɗaurewa. An fara shi a Faransa a 1987 don maganin karkarwa, Amurka ta amince da shi ga distoniya a 2003. Ba ya kawar da ciwon daga tushe, sauƙin ma kan ɗauki makonni ko watanni, amma ana iya rage ƙarfin na'urar, a kashe ta, ko a cire ta.

Wannan halal ne. Manzon Allah (SAW) ya ce: "Ku yi magani ya ku bayin Allah, domin Allah bai sanya cuta ba face Ya sanya mata magani." Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito. Canza halittar da aya ta 119 ta Suratun Nisa'i ta zarga ita ce taɓa lafiyayyar gaɓa don bin son zuciya. Wuyan mahaifinki kuwa cuta ce ta karkatar da shi, aikin yana neman mayar da shi yadda Allah Ya halicce shi ne. Sahabi Arfajatu ɗan As'ad ya rasa hancinsa a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi ya umarce shi da sa na zinare. In har an halatta wa namiji zinare saboda lalura, ina dalilin hana waya da batir?

Sai dai halal daban, wajibi daban. Aikin na da haɗari: zubar jini a ƙwaƙwalwa, shigar ƙwayoyin cuta, nauyin harshe ga wasu. Don haka sai ƙwararru amintattu sun rinjayar da amfaninsa a kan cutarwarsa, an gwada magunguna masu sauƙi ba su yi ba, shi kuma mara lafiyar ya ji bayani filla-filla ya yarda da bakinsa. Ina jaddada wannan, domin iyali kan yanke wa dattijo shawara saboda tausayi, alhali jikin nasa ne. In ya zaɓi haƙuri bai yi laifi ba. Matar nan mai farfaɗiya a hadisin Bukhari da Muslim haƙuri ta zaɓa, aka yi mata albishir da Aljanna.

Ki kuma kwantar masa da hankali game da salla. Karkacewar da ba da ganganci ba ba ta ɓata ta, muddin jikinsa na fuskantar alƙibla. Bayan aiki, in ruwa zai cutar da raunin, ya yi shafa a kan bandejin.

Wallahu a'alam.